Dattijo Mai Jera Duwatsu a Narayi

Ina tsaye a bakin titin Narayi ina jiran Keke Napep, sai idona ya faɗa kan wani dattijo a ɗan filin ƙofar gidansa. Siriri ne, sanye da tsohuwar rigar sanyi duk da wannan rana, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Yana barbaɗa toka a ƙasa, yana shata inda furanni za su zauna: nan jajaye, can masu ruwan ɗorawa, ga 'yar siririyar hanya a tsakani. Sai ya koma yana jera duwatsu hawa-hawa, kowanne sai ya jujjuya shi a hannu kafin ya samo masa mazauni.

Na san irin wannan jeri. Haka ake tare ƙasa a gonakin kan dutse na wajen Pankshin, kada ruwa ya kwashe ta. Ina jin masaƙun Kakuri ne suka kawo shi Kaduna yana saurayi. Masaƙun suka rufe, shi kuma bai koma gida ba.

Wata mai suyar ƙosai a gefensa ta ɗago kai.

"Baba, nan fa babu gangare. In ka tare ruwan, kwanciya zai yi, furannin su ruɓe."

Ya tsaya da dutse a hannu, yana duban filin nan shimfiɗe kamar tabarma. 

"Na sani, 'yata," ya ce. "Hannuwan ne har yanzu ba su yarda mun baro gida ba."

Ya sunkuya ya ɗora dutsen.