Neman Motar da Za Ta Ɗauki Baba: Daga Kuberi Zuwa Sabiyal

Tashi daga Kuberi

Ba a kai ga kiran assalatu ba na ji ƙugin motar Malam Bitrus a ƙofar gidanmu da ke Kuberi. Ranar Juma'a ce, tsakiyar bazara, makarantu na hutu. Ni da shi muna koyarwa a sakandare ɗaya a Maiyama. Mutumin ƙasar Zuru ne, Kirista, kuma cikin abokaina shi kaɗai ke da mota. Ya zauna a dakali yana jiranmu har muka idar da salla.

Mahaifina ne dalilin tafiyar. Tun bayan damina ƙodarsa ta gaza, likita ya ce sai an riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako a Birnin Kebbi. Mukan hau babur zuwa bakin titi, mu shiga motar haya zuwa Jega, mu sake wata. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga zafi, ga buhuna. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana jan babbar motar albasa zuwa kudu, yau shi nake tallabowa daga ƙaramar mota ƙafafunsa a kumbure. Ran da ya suma a tashar Jega na tara ƙannena, muka yanke shawarar sayar da fadamarmu mu sayi mota matsakaiciya, abin da ya rage mu ci gaba da biyan asibiti. Fadamar nan ita ke ciyar da gidan, amma an samu mai saye, amsarmu kawai yake jira.

Baba ya amince da ƙyar, da sharaɗi ɗaya. Ya ce, "Garba, in za a sai da hwadamata don mota, ni za ni zamna cikinta. Sai na gwada ta da bayana." Shi ya sa muka tafi da shi.

Hanyar Maiyama zuwa Jega

Muka bi gargada har bakin kwalta. Motar Malam Bitrus tsohuwar ƙirar Jamus ce, mai giyar hannu, na'urar sanyinta ta daɗe da mutuwa. Duk ramin da muka faɗa sai na ji Baba ya ja numfashi ta haƙora.

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Malam Bitrus. "Ƙarfi gare ta, amma ba ta da tausayi."

"Awo," Baba ya ce. "Na san irinsu. Ba su mutuwa, sai dai su kashe ƙugun mai su."

A Maiyama muka tsaya muka sayi ƙosai da kunu. Baba ya kurɓa sau biyu ya miƙo mini kofin, don an ƙayyade masa abin da zai sha. A shingen bincike kafin gadar Jega wani jami'i ya leƙo, idonsa ya sauka a kan ƙafafun Baba, ya ja da baya ya ce Allah ya ba da lafiya, mu wuce. Rana ta fara ɗagawa muka shiga gari, kuma da yake ranar kasuwa ce sai da muka yi tafiyar hawainiya tsakanin amalanke da manyan motoci.

Jega

A wani garejin kanikawa ƙarƙashin itatuwan darbejiya aka haɗa mu da masu mota biyu. Na farko Alhaji Nomau, ɗan kasuwar shinkafa, da doguwar baƙar motarsa ƙirar Japan mai fulogi shida, wato babban inji. Na biyu Malam Shehu, ma'aikacin ofis, da tasa fara ƙirar Koriya, wadda ta fi waccan sabunta. Muka iske su tuni sun kaure da gardama, wasu masu jiran gyara suna sa baki.

"Wagga ita ta mota," in ji Alhaji Nomau, yana dukan saman tasa. "Ka ɗora kohin shayi bisa kujera, har Sakkwato ba shi zuba."

Malam Shehu ya yi dariya. "Alhaji, hwaɗa musu gidan mai nawa kaka tsayawa kahin Sakkwaton. Tawa shinshina mai takai, taka kurɓa shi takai."

"Taka ai gwangwani ta. Akuya ta goge ta sai ta lotse."

Wani dattijo mai jiran a ɗaure masa taya ya ce duk su biyu ɓata bakinsu suke, wanda ya san ciwon kansa mai fulogi huɗu yake nema, 'yar Kwatano, wadda kowane bakanike ya san cikinta. Malam Bitrus ya kare tasa, ya ce ƙarfen Jamus ba ya tsufa. Aka yi masa ca. Ni dai ina tsaye ina jinsu, kowa na yabon tasa kamar ɗiyar da zai aurar, alhali kowa neman rabuwa da ita yake.

Muka sa Baba a bayan ta Alhaji Nomau, aka zaga da mu. Gaskiya motar shimfiɗa ce. Sanyi ya cika ta, Baba ya miƙe ƙafafu. Da muka dawo ya dubi mai ita ya ce, "Alhaji, don mi kaka sai da ta?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Tsoho, ba ni yi maka ƙarya. Tun da mai yat tashi, ran Juma'a kaɗai nika hawa ta. Sauran kwanakki babur nika bi."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Motar da ta gagari mai shagon shinkafa, ina malamin makaranta zai kai ta Birnin Kebbi sau biyu a mako? Man da za ta sha shi ne kuɗin wankin.

Ta Malam Shehu kuwa ƙasa-ƙasa take. Da muka sauka daga kwalta don mu gwada ta a irin hanyar Kuberi, cikinta ya daki tudu, Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Malam Shehu ya tsaya cak yana ta ba da haƙuri. Shi ma bai ɓoye ba: bara wani ɗan ƙarfe ya lalace a giyarta, ta yi makonni a garejin nan ana jiran a aiko shi daga Legas. Mai ciwon ƙoda ba shi da makonnin jira.

Muka tafi masallaci, Malam Bitrus ya jira mu a inuwa. Baba a zaune ya yi sallar. Da aka sallame ya kasa tashi sai da mutum biyu suka kama mini shi. Na ga ba halin komawa gida a ranar, muka nufi Jega Magaji wurin ƙanwarsa, Gwaggo Asabe.

Gwaggo ta share mana zaure, ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ware wa Baba tasa ba gishiri. Ya ci loma kaɗan ya ture. Ta bi ni har bakin randa tana share ido da gefen zane.

"Garba, mi likita yac ce? Shina warkewa?"

Na ce mata wankin yana riƙe shi. Ta gane abin da ban faɗa ba. Kafin magariba dattijon nan na gareji ya aiko mana da saƙo cewa akwai irin motar da ya ambata a Sabiyal, ƙasar Aliero, hannun wani manomi mai suna Mamman Sani.

Aliero

Da hantsi muka kama hanya. Tafiyar ba nisa, kuma tun kafin mu ga gari warin albasa ya tare mu. Ko'ina rudu ne, wato rumfunan kara da ake adana ta, ga manyan motoci a jere ana loda buhuna. Baba ya ce a tsaya. Ya sauke gilashi yana kallon 'yan dako, can ya ɗaga murya ya ce wa wani direba kayan sun yi nauyi a gefe ɗaya, ya gyara kafin ya hau hanya. Direban ya duba, ya ɗaga masa hannu. Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa a tafiyar.

Sabiyal

Daga Aliero muka ratse ta cikin gonaki. Mamman Sani mutum ne siriri, bai fi ni shekaru da yawa ba. Ya yi mana shimfiɗa, ya kawo fura, sannan ya yaye tamfol daga kan motar. Ruwan toka ce, ƙirar Japan, fulogi huɗu, tana da ɗan tudu daga ƙasa. Malam Bitrus ya buɗe injin ya daɗe yana dubawa, ya tayar da ita, ya kasa kunne. Ya matso ya raɗa mini, "Malam Garba, in ka bar wannan ba za ka samu kamarta ba."

Mamman Sani ya buɗe ƙofar baya, ya ciro wani matashin kai ya kaɗe, ya gyara wa Baba shi a ƙugu ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Ya nuna mini yadda ake tura kujerar gaba don mai kumburin ƙafa ya miƙe. Ya ja mu a hankali, yana kauce wa ramuka kamar ya haddace su. Ba mu yi nisa ba na waiwaya, sai na ga Baba ya yi barci, baki a buɗe, hannunsa a kan ciki. Rabon da ya yi barci a mota tun kafin ciwon. Na juya fuskata waje don kada a ga idona.

Da muka dawo aka zauna a inuwa. Farashin da ya faɗa bai fi ƙarfin fadamar ba. Ina shirin cewa na saya, Baba ya yi tambayarsa.

"Ɗana, mota ba ta da aibi. Don mi kaka sai da ta?"

Mamman Sani ya gyara zama, ya ce:

"Baba, tun da kunka sauka nig gane ciwonku. Irinshi yak kama uwar ɗiyana. Don ita nis sai motar. Kusan shekara muna zuwa wanki, ko sau guda ba ta tsaya muna bisa hanya ba." Ya nuna wata fadama kore shar can gangare. "Waccan tawa ta da. Ita nis saisuwa don in sai motar. Da kuɗɗin sunka ƙare nis sai da shanu, sannan rudun albasa. Da ba sauran abin saisuwa, wankin yat tsaya. Ta rasu da kaka. Yanzu ƙwadago nikai cikin hwadamar, mai ita na biyana da yini. Ɗiya shidda gare ni. Mota na nan lahiya lau."

Malam Bitrus ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Baba ya yi wa mamaciyar addu'a, muka shafa. Sai ya miƙo mini hannu.

"Garba, tashe ni. Mu tahi gida."

Na ce, "Baba, ai ba mu gama magana ba."

"Mun gama."

Komawa

Har muka wuce Aliero ina roƙonsa. Na ce kowa da ƙaddararsa, na ce albashina na nan, na ce ya tuna yadda ya suma a tasha. Da muka haye gadar Jega sai ya ce:

"Jiya na ji su suna ta gardama, wagga ta hi laushi, waccan ta hi tattalin mai. Duk gaskiya sunka hwaɗi. Amma ni direba na, Garba. Ba a sai ma kayan da anka kusa saukewa sabuwar mota. Ƙannenka mi za su ci? Hwadama ba ta saisuwa. In kas sai da ta bayan idona ban yahe ba."

Na yi kuka a gaban abokin aikina, ban ji kunya ba. Malam Bitrus bai dube ni ba, ya dai rage gudu, ya ce a mayar da wanki ɗaya ranar Asabar, shi zai riƙa kai mu, man ma kada a yi masa zancensa. Baba ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka.

Ana kiran la'asar muka shiga Kuberi. Ƙannena suka fito da gudu suna leƙen bayanmu ko wata mota na biye. Da suka ga ƙura ta lafa ba komai, suka kama Baba suka shiga da shi. Washegari na je na ba mai sayen fadama haƙuri.

Muka ci gaba da zuwa wanki, rana ɗaya a motar haya, rana ɗaya a ta Malam Bitrus. Bayan 'yan makonni Baba ya ce ya gaji da ta hayar, ya koma sau ɗaya a mako. Likita ya yi masa faɗa, ya saurara da ladabi, bai sauya ba. Ya rasu ruwa na fara sauka, a ɗakinsa, da rana tsaka, kansa a cinyata.

Mutane suna cewa ya yi dattako. Wataƙila. Ni dai har yau ban san ko da na saɓa masa zai ƙara wata shida ko shekara a duniya ba, kuma ba wanda zai iya gaya mini.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Gwaggo Asabe da ta sauke mu, da Malam Bitrus wanda bai fasa ko Asabar ɗaya ba har aka daina buƙatarsa. Mamman Sani kuwa, da ya ɓoye mana labarinsa a ranar, da ya sayar da motarsa ya ciyar da 'ya'yansa. Ya san haka, ya faɗi gaskiya. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a tare da mahaifina.