Ƙarfen da Ya Ƙi Bin Lissafin Farfesa

Farfesa ya tsufa yana lissafin yadda lantarki ke tafiya a cikin ƙarfe in an sanyaya shi ƙwarai. Da alli da allo yake aiki, ko sukundireba bai taɓa riƙewa ba. Masu gwaji da ke ƙasan bene kuwa, 'yan ɗaure waya yake kiransu. Tun yana saurayi ya yi wani lissafi, ya ce wani irin ƙarfe zai bar lantarki ya wuce salin-alin in sanyi ya kai wani mataki. A kan wannan ya samu kujera da mota da tumbi. Allon ma ya hana a goge, sai ka ce kayan gado.

Ana nan sai ga autar ɗalibansa, mai neman digiri na uku, wadda ba ta da mafita sai da sa hannunsa. Ita ce ta yi karambanin sauka ƙasa ta gwada ƙarfen. Shi kuwa ƙarfe ina ruwansa da Farfesa? Ya ƙi ƙememe.

"Ranka ya daɗe, sakamakon bai bi lissafin ba," ta ce.

Ko ɗago kai bai yi ba. "Na'urarku ce ke zazzaɓi. Je ki sake."

Ta sake, ta kuma sakewa, shekara na bin shekara. Daga baya ya daina ɓoye-ɓoye, ya ce ta cire awon da ya saɓa masa, shi kuma ya sa hannu. Tana son digirin nan kamar ranta, ta yi kuka har ta gode Allah, amma ta ce ba za ta iya ba. Ya rufe fayil ɗinta ya ci gaba da shan shayinsa. Haka ta tattara ta koma koyarwa a sakandare.

An daɗe, sai masana a wata ƙasa suka gano daidai abin da ta gani, duniya ta ɗauka. Tana zaune tana duba jarrabawar yara ta ji muryarsa a rediyo, ko kunya babu.

"Ai a sashena aka fara ganin wannan," in ji Farfesa. "Ni na sa wata yarinya ta gwada. Sai dai yaran yanzu ba haƙuri, ta gudu ta bar aikin."