Ƙofar Ramatou a Ntoum

Duk wanda ya zauna unguwar Oloumi ta Libreville a shekarun da kuɗin man fetur suka yi ambaliya a Gabon ya san Abdulƙahar mai zanen ƙofa. Dogo ne siriri, mutumin Damagaram, kullum da fensir a bayan kunne da littafin zane a hammata. Ba ya riƙe guduma, ba ya taɓa injin walda. Nasa shi ne ya fitar da ƙofar ƙarfe ko ragar taga a takarda, wasu su ƙera.

Gadon zanen ya yi. Mahaifinsa magini ne a Birnin Zinder, irin masu yi wa fuskar zaure ado tun laka tana ɗanya. Da fari ya yi tsanani, mutane suka bar gini balle ado, sai Abdulƙahar ya bi 'yan kasuwa ya gangara kudu ta Kamaru har bakin teku. Ya iske Libreville ana rushewa ana ɗorawa. Kowane ma'aikaci na son gida da katanga, kowace katanga na son ƙofar da ta fi ta maƙwabci. Alhaji Hammadi, mutumin Garwa mai maƙerar ƙarfe a Oloumi, ya gan shi yana zane a bayan kwalin sukari, ya ɗauke shi aiki a ranar.

Hali ɗaya gare shi da ya zama abin magana a maƙerar: ba ya barin farar takarda. Gaba da baya yake cikawa, har gefe. Shi da ya yi karatu a allo, a rubuta ciki da bai, a wanke a sake, bai ga abin da zai sa a bar rabin littafi fari fat ba.

Ubale, babban mai walda, Bakano ne da bakinsa ba ya hutawa, shi ya fi damuwa.

"Kai Badamagare, rowar taku har da takarda? Ƙasar da ake zubar da burodi a bola, kai kana tsimin littafin 'yan makarantar boko! In na yage shafi na kafe a teburin aiki, wanne zan bi, gaban ko bayan?"

"Wanda kanka ya ɗauka, Bakano. Ai duka biyun sun fi ƙarfinka."

Ubale yana da gaskiyarsa. Garin laima ne, takarda kan jiƙe, zanen gaba ya ɓata na baya. Kuma a maƙerar, zanen da mai gida ya zaɓa yage shi ake yi a buga masa ƙusa a katako, tartsatsin wuta da baƙin mai su cinye shi kafin aiki ya ƙare. Abin da ke bayansa ya tafi ke nan. Abdulƙahar kan ɗaga kafaɗa ya ce hannunsa bai mutu ba, in wani ya tafi sai ya zana wani.

Bayan shekara biyu ya aika aka kawo matarsa Ramatou. Suka kama ɗakin katako a gangaren unguwar Akébé, inda in ruwa ya sauko kan kwano ba ka jin maganar na kusa da kai. Ba ta daɗe da zuwa ba wasiƙa ta iso daga gida: zauren mahaifinta, wanda ya rasu tun tana budurwa, ya rufta a damina, 'yan uwanta sun share wurin sun ɗora bulo. Ramatou ta ji, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Sai wata Lahadi da ruwa ya tsare su a ɗaki, ta ce, "Malam, ka tuna adon da ke saman ƙofar Baba?"

Bai tuna ba. Sau uku kacal ya tsaya a ƙofar nan, kuma duk ukun kansa a sunkuye.

Ta fara kwatantawa da hannu. Dagi a tsakiya, rassa biyu suna fita daga gare shi, wasu 'yan ƙahoni a jere a sama. Ya buɗe littafinsa. Wuri ɗaya ya rage fari, bayan shafin wata tsohuwar ƙofa da ya zana ba wanda ya saya. Nan ya fara. Ta ce ba haka ba, ya goge. Ta ce ya ƙara lanƙwasa, ya ƙara. Wata huɗu suna haka duk Lahadi, har takardar ta yi laushi saboda guga. Ranar da ta duba ba ta ce a gyara ba, ya san an gama.

"Wannan fa ba ta kasuwa ba ce," in ji ta.

"Ba ta kasuwa ba ce. Ranar da muka koma gida, ita za a kafa a gidanki. Kuma ba wanda zai samu irinta, na yi miki alkawari."

Da yake littafin nan ne masu saye ke dubawa a maƙera, sai ya ari allurarta ya maƙale shafin da na gaba da shi, don kada ido ya kai.

Cikin manyan ruwan shekarar ne zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana goma sha biyu bai leƙa Oloumi ba, littafin kuwa yana can cikin aljihun tebur. Ranar da ya koma, Ubale ya tare shi da washe baki.

"Badamagare, ashe ba ka mutu ba! To zauna ka ji. Rowarka ta yi rana. Wata Madam Obon daga garin Ntoum, mai motocin ɗaukar gungume, ta zaɓi tsohuwar ƙofar nan taka. Na zare wata allura da ka soka, na yage mata. Tana juya takardar ta ce a'a, na bayan take so. Kwana shida na yi a kanta. Wallahi tun da nake walda ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Shekaranjiya muka kafa."

Abdulƙahar ya nemi benci ya zauna. "Ina takardar?"

Ubale ya nuna katakon aiki. Ƙusa ce kawai, da wani ɗan baƙin ƙyalle a maƙale da ita.

Da Abdulƙahar ya ba shi labarin zanen, Ubale ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A ranar bai sake kiransa Badamagare ba. Ya ce zai je ya yanko ƙofar da kansa, in ya so Alhaji ya kore shi. Abdulƙahar ya ce a'a. Matar ba ta yi laifi ba, shi ma Ubale bai yi ba. Wanda ya ajiye abin da ba na sayarwa ba a bayan abin sayarwa, shi ne mai laifi.

Kwana biyu yana juya maganar a bakinsa. Ya yi tunanin ya tafi Ntoum a ɓoye ya kwafo zanen a sabuwar takarda, ya yi shiru. Amma ƙofar za ta ci gaba da tsayuwa a bakin babbar hanya, kuma matan Akébé suna zuwa can sarin ayaba da rogo. A rana ta uku, Ramatou tana zuba masa kunu, ya faɗa mata duka, bai rage ba.

Ramatou ta ajiye ludayin.

"Ka ce ba wanda zai samu irinta."

"Na ce."

"To kai ni in gani."

Ran Lahadi suka shiga motar haya. Hanyar duk taɓo, manyan motocin gungume na wuce su suna watsa musu jan ruwa. Suka sauka a Ntoum. Ba su sha wuyar nema ba. Ga ƙofar can a jikin farar katanga, an shafa mata shuɗin fenti, ta fi tsayin mutum da rabi.

Abdulƙahar ya tsaya nesa. Ita ta matsa har ta dafa ƙarfen. Ta bi dagin da yatsa, ta ja baya, ta dawo. Madam Obon, wata kakkaurar mace da ɗaurin zane, ta leƙo ta tambaya da Faransanci ko lafiya. Ya haɗa 'yan kalmomin da ya iya ya ce shi ne mai zanen, matarsa ce ta zo gani. Madam ta yi murna, ta sa aka fito musu da kujeru.

Ramatou ba ta zauna ba. Ta ɗaga hannun dama sama, ta yi ɗage, kamar yarinya mai son ciro wani abu.

"Malam, zo nan."

Ya zo.

"Wannan ba ƙofar Baba ba ce."

"Ramatou, yadda kika faɗa haka na zana."

"Na sani. Ni na yi kuskure. Ina ƙarama, in na hau dakali na yi ɗage, bakin reshen nan nake kamawa. Ƙasa yake kallo, ba sama ba. Da sama ya kalla, ina hannuna zai kai? Kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗan gurbi, nan tsattsewa ke sheƙa, Baba ya hana a taɓa. A takarda ban gane ba, abin ya yi ƙanƙanta. Sai yanzu da na tsaya a gabanta." Ta sauke hannun. "Ƙahonin ma bakwai ne, ba biyar ba. Bar wa baiwar Allah kayanta. Tata ce."

Ya dube ta sosai. Fuskarta ba ta nuna komai ba, sai idanun da suka yi ja. Har ya tsufa Abdulƙahar bai san ko da gaske reshen ƙasa ya kalla ba, ko kuwa sauke masa nauyi ta yi. Bai taɓa tambayarta ba.

Ya lalubi fensir a bayan kunne, ya buɗe littafi, babu wuri ko na tafin hannu. Sai ya juya wurin Madam Obon, cike da kunya, ya roƙi takarda. Ta shiga gida ta fito da babban farin kwali na kalandar bara, ta miƙa masa.

Ya zauna a kujerar, ya ɗora kwalin a gwiwa. Ramatou ta koma jikin ƙofar ta sake ɗaga hannu, ta ce ya auna daga nan. Motocin gungume na ta wucewa, Madam ta ja tata kujerar kusa tana kallo, ba ta jin ko kalma ɗaya.

"Ƙara saukar da shi," in ji Ramatou. "A'a, ya yi yawa. Malam, wai ba ka ganin hannuna ne?"