Babin da Malama Ta Mayar Mini

Jiya ƙwayar kanumfari ta faɗo daga littafin da Malama ta ara mini, ga shi ta shekara da rasuwa. Ita ke duba bincikena kan littattafan marubuta mata. Ranar da na kai mata babin farko a gidanta na Talata Mafara, ta karanta tana tauna kanumfari, sannan ta mayar mini. Ta ce, "Ɗiyata, kin kawo maganar masana duka. Ita matar da ta yi rubutun, mi tac ce?"

Na gyara, amma 'yan bindiga suka tsare hanya. Ina Maradun, ko gaisuwar rasuwarta ban samu zuwa ba, babin yana cikin akwati. Allah Ya yalwata mata makwanci, mu kuma Ya fitar da mu daga wannan ƙunci.