Tsakin Geron Philomena

Philomena tela ce. Ta kusa shekara talatin tana taka keken ɗinki a bakin ƙofar wani gidan haya mai ɗaki tara a Sabon Gari, kuma a gidan aka haife ta. Iyayenta Ibo ne, amma Hausarta ta Fagge ce, don a can ta koyi ɗinki wajen wata dattijuwa. In ta shiga Kantin Kwari sayen yadi, 'yan kasuwa Filo suke ce mata, kuma ba sa yi mata farashin baƙi.

Mahaifinta, Baba Ifeanyi, gyaran agogo yake yi a gindin wata bishiya kusa da shataletalen Bata. Wata ranar Talata ya faɗi a kan teburinsa, aka kawo shi gida a adaidaita sahu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Matarsa ta riga ta rasu. Ɗansa Chinedu yana Onitsha da iyalinsa. Sai jinya ta faɗo kan Philomena, kuma ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. A lokacin akwai wani malamin makaranta, Moses, mutumin wajen Zariya, da ke neman aurenta. Ya jira ta shekara biyu, sannan ya zo ya yi mata sallama cikin mutunci.

Bayan ɗakinsu akwai wani ɗan fili, faɗinsa bai wuce tabarma huɗu ba, da darbejiya ɗaya, da lambatu yana bin gindin katanga. Kowace safiya takan yi wa tsohon wanka, ta ciccibo shi ta ajiye a kujera a inuwar darbejiyar. Yakan wuni yana kallon katanga. Wata rana ta zubar da ragowar shinkafa a wurin, kurciya biyu suka sauka, sai ta ga idonsa yana bin su. Washegari ta tafi Rijiyar Lemo wajen Malam Hambali mai hatsi.

"Malam, tsakin gero nake so, wanda ba shi da kyau sosai."

"Madam, kaji kika fara kiwo?"

"A'a. Babana ne yake son kallon tsuntsaye."

Malam Hambali ya auna mata, ya ƙara da hannu biyu, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Shekara goma sha ɗaya aka yi haka. Kurciyoyi suka saba, hasbiya ta riƙa zuwa, da gwara, da waɗansu 'yan mitsi-mitsin jajayen tsuntsaye da ba ta san sunansu ba. Tsohon ba ya magana, amma in suka sauka yakan ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya kamar yana ƙirga su. Ita kuwa ba ta tsayawa kallo. Ta watsa, ta koma kan keke.

Baba Ifeanyi ya rasu a farkon damina. Aka kai gawar garinsu a kudu, aka yi mako biyu ana hidima. Dangi suna kuka suna riƙe ta, ita tana tunanin ko ta rufe tagar ɗaki kafin ta taho. Chinedu ya ja ta gefe. Ada yake kiranta, kamar yadda suke kiran babbar 'ya.

"Ada, me ya rage miki a Kano? Ga ɗaki a gidana."

"Akwai ɗinkin mutane a hannuna," ta ce.

Ta dawo. Da gari ya waye ta tashi a lokacin da ta saba, ta ɗora ruwan wanka, sai da ya yi zafi sannan ta tuna ba mai yinsa. Ta sauke. Ta ɗebi gero a kwano ta fita ta watsa, domin tsuntsayen sun riga sun jeru a kan katanga. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji baƙin ciki ba. Kujerar tana nan, ta bar ta a wurin. Sai dai yanzu hannunta ya daina sanin ma'auni. Tana watsa fiye da abin da za su iya cinyewa, kuma ta daina sharar yamma.

Kafin wata biyu gafiya ta gane wurin. Da farko kashinta aka riƙa gani a bakin lambatu. Daga baya rami ya bayyana a gindin katanga, ƙasa ja a tule a bakinsa. Ramin ya bi ta ƙarƙashi ya ɓulla a ɗakin ajiyar Ujunwa, maƙwabciyarta mai sayar da abinci a bakin tashar jirgin ƙasa. Ujunwa ta fito da doya biyar duk an ƙwaƙule su, ta zube a gaban keken Philomena.

"Anti Filo, dubi. Jiya buhun garin kwaki, yau doya. Geronki ne yake kiran su."

Philomena ta dubi doyar. "Haka ne," ta ce.

"To, ki daina mana. Papa ya tafi, wa kike zuba wa?"

"Zan daina."

Ba ta daina ba. Ba taurin kai ba ne. Kullum sai ta ga kwanon a hannunta babu komai, sannan ta tuna ta yi alkawari.

Ujunwa ta gaji. Ta sayo shinkafar ɓera a kasuwa ta barbaɗa a bakin ramin da gefen lambatu, ba ta gaya wa kowa ba. Gafiyar ba ta taɓa ba. Da Philomena ta fito da safe, ta tarar da kurciya bakwai a ƙasa, da hasbiya ɗaya tana jan fiffike tana zagaya wuri ɗaya. Ta tsaya har hasbiyar ta daina motsi. Sannan ta ɗauko tsintsiya ta tattara su a cikin tsohon kwali. Abin da ya zo mata a rai shi ne tsintsiyar ta ƙare, ya kamata ta sayi wata.

Ujunwa tana tsaye a ƙofarta, ta ɗaure zani sosai, ta shirya wa faɗa. Philomena ta wuce ta da kwalin, ta ce mata ina kwana. Ujunwa ta biyo ta har bakin bola.

"Ba su na nufa ba, Anti."

"Na sani."

"Ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce?"

Ujunwa ce ta yi kukan. Philomena ta jira ta gama, sannan suka koma ciki tare.

Ran Asabar ta je Rijiyar Lemo kamar yadda ta saba. Malam Hambali ya tambayi tsuntsaye, ta gaya masa abin da ya faru, kamar mai ba da labarin wani gida. Ya dube ta. Shi ma ya yi jinyar mahaifiyarsa shekaru, har ta bar duniya a hannunsa.

"Madam, kin yi barci kuwa tun da kika dawo?"

"Ina yi."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce gafiya tsohuwar abokiyar gabarsa ce, mai hatsi ba ya rabuwa da ita. Ba ta cin abin da ba ta sani ba, shi ya sa guba ba ta kama ta. Ya ce zai zo.

Ya zo ran Litinin da hantsi, da tarkon waya mai kama da keji ɗaure a bayan babur. Ya tsuguna ya duba ramin, ya sa ƙuli-ƙuli a cikin tarkon, ya ce kada a ɗana shi tukuna, a bar ta ta ci kwana uku har ta saki jiki. Sannan ya dubi ƙasar wurin, gero ko'ina har ya fara tsiro.

"Wannan ba ciyar da tsuntsaye ba ne, Madam, gayyar gari ce. Ki sa mai walda ya kafa miki faranti a kan bututun ƙarfe, tsayin ƙirjinki. Ba ta iya hawa ƙarfe mai santsi. Cikin tafin hannu ɗaya da safe ya ishe su. Kafin la'asar ki share."

Ta yi duk yadda ya ce. Abin da aka gaya mata ta yi bai taɓa yi mata wuya ba.

A kwana na biyar tarkon ya kama. Gafiyar ta kai girman kyanwa, jelarta rabi fari, kumatunta cike da gero. Ta kurje hancinta a jikin waya har ya yi jini. Mutanen gida suka taru. Philomena ta durƙusa ta dube ta. Dabbar ta daina zillo, ta lafe a kusurwa tana numfashi da sauri. Philomena ta daɗe a haka tana jiran ta ji haushi ko tausayi. Gwiwarta ce kawai ta fara ciwo.

Mijin Ujunwa ya ce a ba shi, a garinsu nama ne. Ta ce ya ɗauka. Malam Hambali ya cusa fasassun kwalabe a ramin, aka shafe da siminti. An kama wata gafiyar bayan mako guda, daga nan shiru.

Tsuntsayen sun yi kwanaki suna tsoron farantin. Gwara ce ta fara sauka, sannan kurciyoyi, ba su kai yawan na da ba. Ujunwa ta shiga ajiye mata ƙanzon shinkafa tana busarwa, ta ce a haɗa musu. Wata safiya Philomena ta zauna a kujerar tsohon da kofin shayi, don ƙafarta ta gaji da tsayuwa. Ta ga ashe kurciya ba ta yarda wata ta ci kusa da ita, sai ta ɗaga fiffike ɗaya ta mare ta. Shekara goma sha ɗaya ba ta lura ba.

Bayan shekara guda mai gidan ya rasu, magada suka sayar wa wani mai kayan gyaran mota. Aka ba 'yan haya wata uku. An sare darbejiyar tun kafin su gama kwashe kaya, domin a wurin za a fara zuba tubali. Chinedu ya sake bugo waya, ta ce masa ta riga ta samu ɗaki.

Ɗakin yana saman wani bene a Fagge, taga ɗaya, tana kallon titi. Yanzu tana kama bakin mayafai a shagon wata mata mai suna Hajiya Bintu, ita da mata uku. Suna hira, tana saurara, wani lokaci ta sa baki. Ran Lahadi tana shiga Sabon Gari coci, ta biya ta ci abinci wajen Ujunwa. Kwanan baya likita ya ce idonta na hagu ya fara yana, a yi aiki bayan Kirsimeti. Hajiya Bintu ta ce ita za ta raka ta.