Hannun Abarci a Kwanon Suna

Abarci maƙeri ne a Dakoro, mutum mai zuciya a kusa. A Maradi ya koyo sabuwar sana'a: ya haɗa batirin mota da wani koren ruwa mai nikel, ya tsoma linzami ko kuben takobi, ƙarfen ya fito yana ƙyalli kamar azurfa. Ranar kasuwa makiyaya har layi suke yi masa. Safar hannu kuwa ya ce ta ragwaye ce, da hannu tsirara yake tsamo kayansa.

Ruwan ya ci hannun. Ƙaiƙayi ya fara, sai ƙuraje, sai yatsu suka tsattsage suna tsiyaya. Masu gaisawa suka koma dafa ƙirji daga nesa. Abin na cinsa a rai, don Abarci bai taɓa iya cin tuwo shi kaɗai ba.

Ranar sunan ɗan ƙanensa aka zauna a kwano ɗaya. Ya wanke hannu ya kai, sai Nafi'u dillalin shanu ya janye kwanon, ya miƙo masa cokali.

"Amshi wanga. Hannun nan naka ba shi shiga tuwonmu."

"Mi ka ce?"

"Kuturta ta, kowa ya sani."

Abarci ya ɗauki kwanon da miyarsa mai zafi ya kifa wa Nafi'u a fuska, ya haye ruwan cikinsa. Ya yi ta narka masa naushi har haƙora suka zube a tabarma, yatsun Abarci suka dare, jinin su biyu ya gauraya. Ƙanensa ya zo rabo, ya sha gwiwar hannu a ido. Sai da jandarmomi suka ɗaure Abarci da igiyar ragon suna.

A tsare lokotoro, wato likita, ya duba shi.

"Ba kuturta ba ta. Ruwan nan naka na. Ka rabu da shi, ka warke."

Da aka sallame shi ya haƙa rami ya binne ruwan, ya koma ƙirar lauje. Kafin kaka hannu ya warke sumul, har yana juya shi a kasuwa don a gani. An gani. Amma an ga bakin Nafi'u ma.

Da aka yi wani sunan a gidan ƙanensa, Abarci ya wanke hannu ya zauna jiran kira. Sai aka aiko masa da nasa kwanon a maƙera, cike da nama, an rufe da faifai.