Katifar Ƙafa

Tun tasowata na san ƙafata shimfiɗaɗɗiya ce. Tafin ba shi da ɗan lanƙwasan nan da ke tsakiyar ƙafar mutane, gaba ɗaya yake kwanciya a ƙasa. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. In na wuni tsaye a teburin yanka, a shagon ɗinkin labulen da nake aiki a Abuja, ina dawowa Suleja sai in dafa ruwa in zuba gishiri in tsoma ƙafafun, gari na wayewa in sake bin mota. Abin da na kasa jurewa shi ne da na ga 'yata ta gado ni.

Tana aji huɗu na firamare a lokacin, ba a daɗe da rasuwar babanta ba. Tirela ce ta bi ta kan motar da ya shiga a wajen Dutsen Zuma, yana hanyar zuwa aiki, ya bar ni da ita, ita kaɗai. Daga gidan da muke haya a Wambai zuwa makarantarsu ba wata tafiya ba ce, amma kullum sai ta dawo tana ɗingishi, ta zube a tabarma tana matsa agararta. Takalmanta duk ta ɓangaren ciki suke cinyewa, ta waje kuwa kamar ba a taɓa taka su ba.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani asibitin ƙashi. Likita ya sa ta yi tafiya a gabansa, ya sa ta yi ɗage, sannan ya tura mu ɗakin wani mutumin kudu mai haɗa abin da ake sakawa a cikin takalmi. Ya ajiye mata akwati mai soso a ciki, ta taka, sawunta ya fito. Bayan 'yan makonni muka koma muka karɓo. Roba ce mai tauri da aka yi wa ɗan tudu daidai inda ƙafarta ta rasa lanƙwasa, aka lulluɓe ta da fata mai laushi. 'Yata ta jujjuya ta a hannu ta ce ai wannan katifar ƙafa ce, sunan da ya bi ta ke nan a gidanmu.

"Madam, sumol-sumol," in ji mutumin, da 'yar Hausarsa ta koyo. "Yau kaɗan, gobe ƙara kaɗan. Idan ya sa dukan rana daga farko, zai ci ƙafa. Kuma ba ya canja ƙafa fa, taimako ne kawai."

Na maimaita mata a mota: ta sa da safe, in an fita tara ta cire, har ƙafar ta saba. Ta ce to.

Ni ina fita ne da an idar da asuba, ba na dawowa sai dab da magariba. In an tashi makaranta, gidan gwaggonta take zuwa, yayar mijina ke nan, daga can ta wuce Islamiyya. Duk sanda na dawo sai in tarar da ita sanye da takalmin, da safa har ƙwauri. Malamar Islamiyya ma ta aiko mini cewa yarinyar nan sai an yi da gaske take cire takalmi a bakin ƙofa. Na yi dariya na ce ɗokin sabon abu ne, zai wuce.

Wata Asabar ina gida, da azahar na ce ta tashi ta yi alwala. Ina kallonta ta zo wanke ƙafa, sai ta jiƙa hannu ta shafa a kan safa. Na ce wannan fa? Ta ce an koya musu ana iya shafa. Na ce a gidan nan ga ruwa ga buta, cire. Ta ƙi. Na daka mata tsawa, ta ƙanƙame ƙafar. Da na kama na ja, safar ta manne da nama, wani wari ya bugo ni. Tsakiyar tafin duka biyun ya yi bororo ya fashe, ya sake yi ya sake fashewa, wajen ya yi ja yana ruwa.

Mutumin asibitin na fara tsine wa a raina, sannan na juyo kanta. "Ke wace irin yarinya ce? Ba kaɗan-kaɗan aka ce miki ba?"

"So nake ta yi saurin gyaruwa," ta ce.

"Saurin me? Ina za ki?"

"Kafin ke ma ki mutu, Umma."

Sai da na zauna a kan turmi. Na lallashe ta, da ƙyar ta gaya mini. Wata rana ta yi alwala a tsakar gidan gwaggon, ta taka siminti da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Gwaggo ta kira maƙwabciyarta ta nuna mata sawun, ta ce ta gani, sak uwarta, wannan ita ce farar ƙafa, in ta shiga gida sai ta share shi. Ta ce ɗan'uwanta tsakanin guda biyu ya zauna, ina zai kai labari? Yarinyar tana tsaye tana ji. Ta yi lissafinta na yara: ƙafarta ta cinye Abba, ni kaɗai na rage, don haka dole a gyara ƙafar kafin ta kai gare ni. Ashe har da takalmin take kwana, sai ta ja zane ta rufe.

Na san an faɗi wannan magana a kaina tun ina takaba. Na ga yadda wasu matan ke satar kallon ƙafafuna in na miƙe daga tabarma, na haɗiye, na ce baƙin ciki ne ke sa mutum sambatu. Amma a ɗauki mutuwar uba a ɗora wa yarinyar da ko kitso ba ta iya yi wa kanta, wannan ban san sunansa ba sai mugunta.

Na wanke mata ciwon na ɗaure, na zuri hijabi na fita. Na tarar da gwaggon tana tsintar shinkafa a faranti. Ban durƙusa ba, ban ma zauna ba.

"Yaya, me kika ce da 'yata a kan ƙafarta?"

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Au, don wannan ne kika shigo mini ko gaisuwa babu? Wasa fa nake da 'yata. Kuma ni na ƙirƙiro? Haka muka taso muka ji."

"Yaya, kwana ne ke ƙarewa, ko ƙafa ce ke kisa? Ki zaɓi ɗaya, don na ga salla kike yi."

"Ni za ki yi wa wa'azi a gidana? Ku dai 'yan Abuja ba kwa rabo da iyayi. Kin ƙaƙaba wa yarinya takalmin guragu, duk unguwa sai tambayata ake me ya same ta. Da kin rufa mata asiri, wa zai sani?"

Na ce ta zo ta ga ƙafar da idonta. Ta ce ai ba ita ta sayo robar ba, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na shiga ɗaki na ɗauko jakar Islamiyyar 'yata da silifas ɗinta, na ce daga yau ba za ta sake wuni a gidan ba. Kafin sati ya zagayo dangin mijina sun gama yaɗa cewa na yanke zumunci, na raba marainiya da 'yan'uwan ubanta. Ba wanda ya tako ya tambayi yadda ƙafar take. Su faɗa, bakinsu ne. Maƙwabciyata mai sayar da awara ita ta karɓi riƙon yarinyar da rana.

Da ciwon ya warke muka koma asibitin. Mutumin ya ɗan rage tudun, muka sake farawa daga farko, wannan karon ni ke riƙe katifar, ni ke ba ta, ni ke karɓa. Ta yi aiki kuwa, don yanzu tana zuwa makaranta ta dawo ba ɗingishi, har da guje-guje.

Ɗayan ciwon ne ya gagare ni. Na zaunar da ita ba sau ɗaya ba, na ce birkin tirela ne ya tsinke, kwanan Abbanta kuma ya ƙare, ƙafarta ƙashi ce da nama kamar ta kowa. Na sa malamarta ma ta gaya mata. Sai ta gyaɗa kai, can ta ce, "To ke ba za ki mutu ba?" Na ce zan mutu mana, kowa ma zai mutu, amma ba don ƙafarta ba. Ta ce to, irin wannan to ɗin da na riga na sani.

Kwanan baya na fito zan tafi bakin hanya neman mota, sai na tuna na bar almakashina, na juyo. Tana bakin ƙofa inda ta saba tsayawa ta raka ni da ido, ba takalmi. Ta karkatar da ƙafafunta duka biyun ta tsaya a kan gefensu, ta dafa bango don kada ta faɗi, tafin a ɗage bai taɓa ƙasa ba. Na ce me take yi haka. Ta ce ba komai, haka take tsayawa kullum har sai ta tabbatar motarmu ta wuce Zuma.